Gonar Makaranta da Tukunyar Yara



Ranar tunawa da ma'aikatan En'e a kan ambaci Baitulmali, da ɗakin shari'a, da asibiti, da hanyoyin mota, da rijiyoyin da aka gina a ƙauyuka. Amma akwai wani ɗan ƙaramin aiki wanda ba a cika ambatonsa ba, watau gonar makaranta. A kansa wannan jawabi zai tsaya, domin aiki ne da bai ƙare ba, kuma ba mai iya tsai da shi da ƙafafunsa sai irin mutanen da suka hallara a wannan wuri.

Tun sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano cikin 1909, ba a raba karatun boko da aikin hannu ba. A 1925 kuma aka fitar da wata takarda a London a kan sha'anin ilmi cikin ƙasashen Afirka da ke hannun Ingila, wadda ta ce lalle karatu ya dace da zaman mutane da sana'o'insu, noma kuwa shi ne kan gaba. Saboda haka makarantun Elementare na En'e galibi suna da ɗan fili a bayan ajujuwa inda yara su ke shuka, makarantun Midil kuwa na kwana ne, Baitulmali ke ci da 'yan makaranta. A 1976 aka sāke tsarin mulki, ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. A shekaran nan ce kuma aka soma ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ta kwararowa, har a wurare da yawa aka gina ajujuwa a kan filin da a ke shuka a dā, waɗansu filayen kuma aka yanka su aka yi gidaje. Ta haka gonar makaranta ta ɓace a garuruwa da dama, ba da an yi shawarar kashe ta ba.

To, mene ne ya sa a ke so ta komo? Dalilin yana cikin cikin yaro. Kowane malami ya san ɗan makarantar da ya fito gida da sassafe, daga ɗan koko sai ruwa, wani ma ko kokon bai samu ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai a ga ya soma hamma, in an tashi tara ya sulale ya tafi gida, ba ya komowa. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Bayan yunwar da a ke gani kuma akwai wadda ba a gani, ita ce ta yaron da ya ƙoshi da tuwo amma miyarsa ba ta da kome. Irin wannan yaro shi ke fama da ƙarancin jini, da kasala, wani lokaci har da dundumi, watau rashin gani in magariba ta yi. Maganin waɗannan kuwa yana cikin ganye, da wake, da gyaɗa, da kabewa, da karas, da gwanda, abubuwan da ƙasar nan ta ke fitarwa ba da wata wahala ba.

Gwamnati ta san da wannan. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta gwada ci da 'yan makaranta a jihohi 12 da Abuja, amma bayan 'yan shekaru galibin jihohin suka bari, Osun ce aka fi sani da ta riƙe. A 2016 aka sāke ɗaukar aikin da ƙarfi, aka yanka wa kowane yaro na aji ɗaya zuwa aji uku Naira 70 a yini, aka ɗauki matan unguwa su yi girki, aka ce a sayi kayan daga manoman yankin. A shekaran nan kuma ƙungiyar ƙasashen Afirka ta keɓe ran 1 ga Maris don tunawa da ci da 'yan makaranta, aka yi bikin farko a Yamai. Duk inda abincin nan ya isa, malamai sun ga ajujuwa sun cika. Amma farashin hatsi ya yi ta hawa, kuɗin kuma wani lokaci ya kan makara, cikin watan Janairu na 1924 da aka ɗora wa shekara ɗari, watau 2024, aka dakatar da shirin tare da 'yan'uwansa don a binciki yadda a ke sarrafa kuɗinsu. Abin lura a nan shi ne, tukunyar da duk abin da ke cikinta daga nesa ya ke tahowa, ran da hanya ta toshe sai a kife ta. Zanen aro ba ya rufe katara. Makarantar da ke da lambu da rumbu nata na kanta, ko kuɗi sun makara tana da abin da za ta ɗora a wuta.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar abin da gonar makaranta za ta iya, don kada a ɗora wa yara kayan da ya fi ƙarfinsu. Ga lissafi. A ɗauki makaranta mai yara 300, a ce kowane yaro zai ci hatsi giram 150 a yini. Kilo 45 ke nan kullum, watau wajen kwano 18. In kwanakin karatu 180 ne a shekara, an ci kilo 8,100, buhu 81 ke nan na kilo ɗari ɗari. Manomin gero mai noma irin na gargajiya, in ya sami buhu goma a hekta ɗaya ya gode. Ashe ke nan sai an noma hekta takwas, kusan eka ashirin, kafin a ci da makarantan nan da hatsi kaɗai. Wanda duk ya ce yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu za su noma eka ashirin, ya fitar da su daga aji ya mai da su barori. Saboda haka hatsi nauyin manya ne, ko ya fito daga kuɗin hukuma, ko daga gudummawar dami da iyaye za su yi da kaka, ko daga gonar gayya da mutanen gari za su noma wa makaranta. Rabon yara shi ne miya. Rabin eka mai shinge da ruwa, in an kula da shi, zai yi ta zuba ganye da kayan miya a tukunya tsawon watanni, abin nan kuwa shi ne mai girki ta ke fara ragewa in kuɗi sun yi kaɗan.

Me za a shuka? A fara da abin da yaro zai ga amfaninsa da wuri, gama haƙurin yaro gajere ne. Alayyafo ya kan isa yanka cikin wata guda ko ƙasa da haka. Kuɓewa ta kan soma 'ya'ya wajen wata biyu. Akwai irin wake mai saurin nuna wanda a kan roro shi cikin kwana sittin zuwa saba'in. Dankalin nan mai jan ciki, wanda ke maganin dundumi, ya kan yi wata uku zuwa huɗu. Yakuwa da rama da kabewa ba su da wuyar sha'ani. Zogale kuwa a jera shi gefen fili, ya zama shinge, ya zama miya, kuma shekara da shekaru yana nan. Amma kada a yi shinge da bini-da-zugu a makaranta, domin 'ya'yansa suna da dafi, ƙananan yara kuwa su kan ɗauka gyaɗa ce.

Akwai wata matsala wadda ta kashe gonakin makarantu da yawa, ita ce babban hutu. Ya kan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, daidai lokacin da ciyawa ta ke tashi, yara kuwa suna gonakin iyayensu. In an komo sai a tarar da daji. Dabarar abin iri biyu ce. Ta farko, da damina a fi shuka abin da zai jira har Oktoba, kamar gyaɗa da wake da dankali, a kuma naɗa wani dattijo na kusa da zai riƙa lura, a yi masa ihisani daga amfanin. Ta biyu, a mai da ƙarfi ga lambun rani, domin daga Oktoba zuwa Maris yara suna makaranta, sanyi kuma yana taimakon tumatir, da albasa, da karas, da kabeji, da latas, da tattasai. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da rijiya ko famfo kusa da fili. Abin da ya yi yawa kuma kada a bari ya lalace. A yanka kuɓewa a shanya, a yi kauɗar tumatir, a busar da zogale a inuwa don kada rana ta cinye amfaninsa. Wake kuma a zuba shi cikin buhun nan mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga, gama ƙwari su kan mutu a ciki ba tare da an sa magani ba.

Daga lambu sai madafa. A nan ma akwai aikin yara, akwai na manya. Wuta, da tafasasshen ruwa, da mai mai zafi, da sauke babbar tukunya, duk na mai girki ne. Ƙananan yara su tsinke ganye, su tsince wake, su ɓare gyaɗa, su wanke kwanoni. Manyan su auna hatsi da kwano, su ƙirga waɗanda suka zo don a san yawan abin da za a dafa, su yanka albasa a gaban malami, su kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli, su raba abinci daidai wa daida. A yi ta juyawa aji aji, kowane mako da masu aikinsa. Abincin ma ba baƙo ba ne, dambu da zogale, faten tsaki da yakuwa, faten wake da alayyafo, ɗanwake, kunun gyaɗa. Yaron da ya kan ture ganye a gida, in shi ya shuka shi ya kuma tsinke da hannunsa, sai a ga ya cinye ya nemi ƙari. Maza da mata duk su shiga, lambu da madafa baki ɗaya. In wani uba ya ce girki ba na ɗa namiji ba ne, a tuna masa da mai tsire, da mai shayi, da kukun da ke ci da iyalinsa da ludayi.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun yi nisa a wannan hanya, labarinsu kuma yana da amfani. A Japan an kafa dokar abincin makaranta a 1954, a 2005 kuma aka ƙara wata doka wadda ta mai da sanin abinci wani reshe na tarbiyya. Ma'aikata ke dafawa, amma in lokacin ci ya yi yaran da ke da aiki a makon su kan sa fararen riguna da huluna, su ɗauko tukwane zuwa aji, su raba wa 'yan'uwansu, su ci tare da malaminsu, kāna su share wurin. Daga aji biyar kuma a kan koya wa maza da mata dafa shinkafa da miya. A Amurka kuwa, a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, wata shahararriyar mai sana'ar abinci, Alice Waters, ta haɗa kai da wata makaranta a 1995, aka farfasa wani tsohon fili mai kwalta wajen eka ɗaya aka mai da shi lambu, aka kuma gyara ɗakin girki inda yara su ke dafa abin da suka shuka, malamai suna ɗinka darussansu a kan aikin. Mutanen nan ba rashin kuɗin abinci ya sa su haka ba. Sun lura ne yaron da ya san asalin abin da ya ke ci ya fi kula da shi.

Gama lambu shi ma aji ne. Auna tsawon kunya da faɗinta lissafi ne. Rubuta ranar shuka, da ranar tsiro, da yawan abin da aka tsinka cikin littafin gona, koyon rubutu ne mai dalili. In malami ya tuge wake ya nuna wa yara 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, ya gaya musu ta nan ne wake ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa a ke shuka hatsi a bayansa, ya koyar da kimiyya wadda ba za su manta ba. Haka kuma ramin taki, inda a ke zuba shara da toka da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya, bayan 'yan watanni a kwaso baƙar ƙasa mai laushi.

Amma fa aikin yana da ramuka biyu masu zurfi, waɗansu kuwa sun riga sun fāɗa. Na farko shi ne gona ta zama bauta. A 1967 Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya fitar da manufarsa ta ilmi don dogaro da kai, ya ce kowace makaranta ta zama gona kuma, yara su shiga shawarar abin da za a shuka, su kuma ga inda amfanin ya tafi. Niyya ce mai kyau ƙwarai. Amma a makarantu da yawa sai aka ɗauki noman aka bar shawarar, yara suna ta aiki ba su san inda amfanin ya shiga ba, wanda ya yi laifi kuma a miƙa masa fartanya. Sakamakon haka waɗansu yara suka tashi da ƙin noman da aka so su ƙaunata. A nan ƙasar ma dattawa da yawa suna tune da makarantar da in yaro ya makara a kan tura shi noma, ko a kwashi aji guda a kai su gonar malam. Saboda haka a kafa sharuɗɗa tun farko. Kada a yi horo da lambu ko kaɗan. Aikin kada ya wuce darasi biyu ko uku a mako, da sanyin safiya. Kada a kai yaro gonar kowa. Kada ko ganye ɗaya ya tafi gidan malami, ko na dagaci, ko na hakimi da sunan gaisuwa. In an sayar da rara, a rubuta kuɗin, a karanta lissafin a gaban yara da iyayensu ƙarshen kowane zango.

Rami na biyu shi ne dafi da ƙazanta. Ran 16 ga Yuli 1913 da ƙarin shekara ɗari, watau 2013, a wani ƙauye na jihar Bihar ta ƙasar Indiya, yara 23 suka mutu bayan sun ci abincin rana na makaranta, bincike kuma ya nuna akwai maganin ƙwari na gona cikin man da aka yi girkin da shi. Duk inda gona da madafa suka yi maƙwabtaka, wannan hatsari yana nan kusa. Don haka yaro kada ya taɓa maganin feshi, kada kuma a ajiye shi ɗaki ɗaya da abinci, galan ko kwalbar da ya taɓa zama a ciki kuwa kada a zuba mata mai ko ruwa har abada, ko an wanke ta sau goma. A lambun yara toka da jiƙon ganyen darbejiya da tsince tsutsa da hannu sun isa ga galibin ƙwari. A sa buta da sabulu a ƙofar madafa, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa abinci da bayan ya fito daga bayan gida. Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta, kada kuma a shayar da lambu da ruwan kwata.

Saura a faɗi rabon kowa. Hedimasta shi kaɗai ba ya iya ba da fili, ba ya iya hana akuyar maƙwabci, ba ya iya haƙa rijiya. Hakimi da dagaci su ne suka san ƙasa da masu ita, su za su nuna fili, su tsaya har a kafa iyaka, ƙaramar hukuma kuma ta ba da takarda da sunan makaranta, gama tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 ita ke da ikon ba da irin wannan takarda a karkara. Filin da ba shi da takarda, ran da gari ya bunƙasa sai a wayi gari an yanka shi. Mai unguwa ya kira gayya a yi shinge kafin a zuba iri, domin awaki ba su san lambun makaranta ba, ya kuma yi magana da ardo a kan hanyar shanu tun kafin a yi ɓarna. Malamin gona ya kawo iri mai kyau, ya riƙa leƙowa ko sau ɗaya a wata. Malamin tsabta ya duba madafa, da randa, da rumbu, da masai. Ma'aji ya koya wa malamin da aka ɗora wa aikin yadda a ke riƙon littafin shiga da fita, ya kuma duba shi kamar yadda a kan duba littafin haraji a dā. Sakataren ilmi ya sa aikin cikin jadawalin darussa, kuma in zai yi wa malamin lambu canjin wuri, ya tabbata akwai wanda aka danƙa wa mabuɗi da littafi, don sau da yawa lambu ya kan mutu ran da mai sonsa ya bar gari. Iyaye mata kuwa a sa su cikin kwamitin makaranta, gama sun fi kowa sanin abin da kwano ɗaya zai ciyar.

Ba sai an fara da dukan makarantu ba. Kowane hakimi ya zaɓi makaranta ɗaya cikin ƙasarsa wadda ke da ruwa kusa da kuma malami mai himma, a yi shinge da kaka, a shuka lambun rani, kāna cikin Fabrairu a kira dagatai da sauran hedimastoci su zo su ci abin da yara suka shuka suka kuma taya dafawa. Gani ya kori ji. In shekara ta kewayo, wannan makaranta ita za ta ba maƙwabtanta iri da dashen zogale.

Ma'aikatan En'e na dā an san su da rangadi, da duba littafi, da tambayar ina kwabo ya shiga. Irin wannan kula ce gonar makaranta ta ke bukata, ba wani kuɗi mai yawa ba. Hakimin da ya fita rangadi, in ya gama duba kasuwa da asibiti, ya ratsa makaranta ya ce a nuna masa lambu, a kawo masa littafin gona, ya buɗe tukunya ya ga abin da ke ciki, ya kuma tambayi yaro ɗaya wane ne ya shuka wannan ganye. Amsar da yaron ya bayar ita za ta nuna masa ko aikin yana tafiya daidai.